Musayar Mota: Lissafi Ya Kamata Mu Bi, Ko Idon Jama'a?

Bayan takardar digiri da aure, da wuya a sami abin da ya fi yawo a zukatan ɗaliban da suka kusa barin jami'a kamar mota. Wanda ya riga ya kama aiki kuwa, har Allah ya hore masa ya sayi wata 'yar ƙwarya-ƙwarya ta hannu, to, ba a daɗewa sai wata tambaya ta biyu ta fara hana shi barci, watau yaushe zai kai ta wurin dila ya yi musaya, ya ba da ciko, ya karɓo wadda ta fi ta. Ana yawan yi mana nasiha game da sayen motar fari, amma ba a cika yi mana game da rabuwa da ita ba, alhali kuwa a nan ne ƙananan ma'aikata da yawa sukan yi asarar da ba su farfaɗowa daga gare ta sai bayan shekaru. Ra'ayinmu a wannan magana shi ne, ranar musaya lissafi ne yake tsayar da ita, kuma duk wanda ya bar idon maƙwabta ko bakin abokan ofis ya tsayar masa da ita, ya yi kuskure.

Kafin mu shiga lissafin, ya kamata mu waiwaya mu ga inda muka gaji wannan ɗabi'a ta sauya mota bayan 'yan shekaru. A 1974 ne Hukumar Udoji ta miƙa rahotonta game da aikin Gwamnati, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi mai tsoka, aka kuma biya su ariyas a farkon 1975. A cikin 1975 ɗin ne kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, Volkswagen kuma a Legas. A wancan zamani Naira ɗaya ta fi Dala ɗaya daraja, akwai kuma rancen mota wanda ake cirewa kaɗan-kaɗan daga albashi, saboda haka matashin da ya fito daga jami'a ya kama aiki yana iya shiga sabuwar mota fil, wadda ba wanda ya taɓa murza sitiyarinta. In ya gama biyan rance sai ya sayar, ya nemi wani rancen, ya sake sabuwa. Iyayenmu da yayyenmu da suka yi haka ba wauta suka yi ba, domin kuwa zamaninsu ya ɗauki hakan.

Amma zamanin bai daɗe ba. Da aka kawo shirin gyaran tattalin arziki a 1986, aka saki Naira a kasuwar canji, sai sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, aka koma ga na hannu waɗanda ake shigowa da su daga Turai ta tashar Kwatano da ta Legas, su ne jama'a suka laƙaba wa suna Baljiyam ko Tokumbo. A 2003 Gwamnatin Tarayya ta mayar da yawancin alfarmar ma'aikata kuɗi, har da ta abin hawa. Daga farkon 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa na tudu. Sa'an nan ga 2023, shekarar da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, aka kuma sake sakin Naira a watan Yuni. Dalar da take wajen Naira 460 a farashin Gwamnati ta haura 1,500 a watan Fabrairun 2024, litar fetur kuwa da ba ta kai Naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Albashi mafi ƙanƙanta da aka amince da shi a 2024 Naira 70,000 ne. Duk da wannan, har yanzu akwai masu auna mu da mudun 1975, su ce wai ma'aikacin da ya shekara huɗu da mota ɗaya ya ci baya.

Akwai kuma wata shawara da 'yan boko suke kwasowa daga littattafan Turawa, cewa a rabu da mota tun tana da shekara uku ko huɗu. Wannan tana da dalilinta a can, inda mutum yake sayen mota sabuwa, kamfani ya ɗauki nauyin gyaranta na wasu shekaru, sa'an nan ya mayar da ita kafin wa'adin ya ƙare. Mu kuwa motar da muke kira sabuwa ta riga ta shekara goma ko fiye a kan titunan wata ƙasa. Mafi yawan faɗuwar darajarta ta riga ta auku a hannun wani, kuma babu kamfanin da ya tsaya mana. Saboda haka shekarun mota kaɗai ba za su gaya mana kome ba. Sau da yawa mota mai shekara ashirin wadda aka kula da ita ta fi mai shekara goma wadda aka wulaƙanta.

Abin da ya fi ruɗar mutane a 'yan shekarun nan shi ne ganin kuɗin tsohuwar mota yana hawa. Sai ka ji mutum yana murna, wai ya sayi motarsa kaza, ga shi yau an taya ta ninki biyu, saboda haka ya ci riba, lokacin musaya ya yi. Ba motar ce ta ƙara daraja ba, Naira ce ta rage. Mai niyyar musaya bai kamata ya dubi kuɗin motarsa shi kaɗai ba, abin dubawa shi ne ciko. A misali, a ce motarka za ta yi Naira miliyan 4, wadda kake so kuma miliyan 9, ciko ke nan miliyan 5. In kowacce ta ƙaru da rabin kuɗinta, taka ta koma miliyan 6, waccan ta koma miliyan 13 da rabi, ciko ya zama miliyan 7 da rabi. Taka ta hau da miliyan 2, amma abin da za ka fitar daga aljihu ya ƙaru da miliyan 2 da rabi, albashinka kuwa yana nan inda ka bar shi. Wannan lissafi kaifi biyu gare shi. Yana nuna cewa murnar riba ba ta da tushe, yana kuma nuna cewa a lokacin da Naira take faɗuwa, wanda musaya ta zama masa dole ba ya cin ribar jinkiri.

To, yaya mutum zai san ta zama masa dole? Shawararmu ta farko mai sauƙi ce, har wani ya raina ta. Kowane mai mota ya sayi ɗan littafi ya ajiye a cikinta, ya riƙa rubuta duk abin da ya kashe mata, da kwanan wata, da adadin kilomita: man fetur, baƙin mai, taya, batir, kuɗin bakanike, kuɗin kayan gyara, har da kuɗin hayar da ya biya a ranakun da ta kwana a gareji. Mu da aka koya wa ƙididdiga a aji, abin kunya ne a tambaye mu nawa mota take ci a wata mu ce sai Allah. Zuciya ba ta iya riƙe lissafi da gaskiya. Ranar da mota ta mutu wa mutum a tsakiyar titi yara suna tura shi, sai ya rantse ta cinye masa dukiya, ranar da ta kai shi garinsu lafiya kuwa sai ya manta da duk abin da ta ci. Littafi shi ne ba ya fushi, ba ya kuma mantuwa.

Idan shekara ta zagayo aka buɗe littafin, sai a raba abin da ke ciki kashi biyu. Kashi na farko shi ne abin da kowace mota take ci, tsohuwa ko sabuwa, kamar taya da batir da burki da fulogi da baƙin mai. Wanda ya rabu da motarsa don ta nemi tayu huɗu, to, ya sani wadda zai karɓo ma ba a iska take tafiya ba. Kashi na biyu shi ne manyan cututtuka: injin da yake shan baƙin mai yana fitar da shuɗin hayaƙi, ko yake yawan zafi har ya ƙona gaskit, giyar da take zamewa ko take fizga, tsatsar da ta ci ƙarƙashin mota, da ciwon wayoyin wuta wanda aka rasa kansa. Ko a cikin waɗannan ma, guda ɗaya bai isa ya kori mota ba. In jikinta lafiya lau ne, sauya inji sau ɗaya, ko da ya yi tsada, yakan fi ciko araha nesa ba kusa ba. Inda ake jin tsoro shi ne idan biyu ko uku suka haɗu a lokaci guda, ko kuwa aka gyara abu ɗaya sau uku a shekara yana dawowa.

Daga nan sai a yi awo. Mu koma ga misalinmu na cikon miliyan 5. A ce za ka riƙe wadda ka karɓo shekara 5, a ce kuma in ka tashi sayarwa za ka maido da rabin cikon. Ke nan rabin da ya tafi, watau miliyan 2 da rabi, shi ne kuɗin hawanta, wanda ya kama Naira 500,000 a kowace shekara. In tsohuwar tana cin 600,000 a shekara wajen gyara, wadda za ka karɓo kuma za ta ci 200,000, abin da ka tsira da shi 400,000 ne, bai kai abin da ka biya ba. A irin wannan hali riƙon tsohuwar ya fi. Amma in gyaranta ya kai miliyan ɗaya a shekara yana kuma ƙaruwa, to, ma'auni ya karkata. Waɗannan alƙaluma misali ne kawai, kowa ya sa nasa, amma hanyar awon ita ce wannan.

Akwai abubuwa uku da suke iya rinjayar wannan awo. Na farko shi ne shan mai, wanda a da ba a damu da shi ba saboda tallafi. Mutumin da yake yin kilomita 1,000 a wata, in motarsa mai fulogi shida tana shan lita 14 a kowace kilomita 100, wata mai fulogi huɗu kuma tana shan 9, bambancin lita 50 ne a wata. A farashin Naira 1,000, Naira 50,000 ke nan, fiye da kashi biyu cikin uku na albashi mafi ƙanƙanta. Irin wannan mutum musayar da ta dace da shi ta sauka ce, ya ba da babba ya karɓi ƙarama, wataƙila ma shi za a ba ciko. Mun san wannan yana da nauyi ga mai jin kunyar idon jama'a, amma masu kallon ba su ne suke tsayawa da shi a gidan mai ba. Na biyu shi ne kayan gyara. Motar da sai an aika Legas ko ƙasar waje kafin a samo mata ɗan ƙaramin abu, ko wadda bakanike ɗaya ne ya san kanta a duk garin, a rabu da ita tun tana tashi da kanta, musamman ga ma'aikacin da ake iya yi wa canjin wurin aiki zuwa wata ƙaramar hukuma mai nisa. Na uku shi ne rai. Motar da ta taɓa yin mummunan haɗari har ƙashin bayanta ya karkace, tana cin taya gefe ɗaya, tana ja gefe in an taka burki, ba a sa ta a ma'aunin kuɗi, domin iyalin da ke cikinta ba su da farashi.

Wasu dattawa za su ce mana da tsohuwar zuma ake magani, a riƙe mota har ta mutu, tun da wadda ka sani ta fi wadda ba ka sani ba. Akwai gaskiya a ciki, kuma mun fi kusa da su bisa ga masu sauyi kowace Sallah. Amma su ma sukan wuce gona da iri. Motar da ta shigo wurin dila da ƙafarta ana taya ta a matsayin mota, wadda aka jawo da igiya kuwa 'yan gwangwan ne suke taya ta a matsayin ƙarfe. Tsakanin farashin nan biyu akwai rami mai zurfi, kuma dare ɗaya ya isa mota ta faɗa ciki. Saboda haka in littafi ya nuna cewa manyan cututtuka sun fara haɗuwa, kada a jira ranar da inji zai buga. Banda wannan, ma'aikacin da yake makara kullum yana cewa mota ce, yana biyan wani farashi da ba a rubuta shi da Naira, domin shugabanninsa suna lura.

In an yanke shawara aka isa wurin dila, kada a yi mamaki in ya taya motar ƙasa da yadda ake zato. Dila ba ɗan'uwanka ba ne, ba kuma maƙiyinka ba ne, ɗan kasuwa ne. Zai yi mata fenti da 'yan gyare-gyare, za ta zauna a filinsa wataƙila watanni, zai biya masu jawo masa ciniki la'adarsu, sa'an nan ya nemi riba. Banda haka yana tsoron abin da bai gani ba. Wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, George Akerlof, ya bayyana wannan a wata maƙala da ya buga a 1970 game da kasuwar motocin hannu, wadda tana cikin ayyukan da suka sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001. Abin da ya nuna shi ne, tun da mai sayarwa ya san aibin motarsa, mai saye kuwa bai sani ba, sai mai saye ya taya kowace mota kamar mai aibi, masu motocin kirki su ƙi sayarwa, kasuwa ta cika da marasa kyau. A nan littafin nan namu zai sake yin rana. Wanda ya zo da tarihin motarsa a rubuce, da rasidai, da cikakkun takardu, ya rage wa dila tsoro, kuma yana da bakin da zai nemi ƙari.

Sa'an nan a kiyayi wata dabara da ta zama ruwan dare. Dila yakan yabi motarka ya sa mata kuɗi mai daɗin ji, ya kuma ɗora irin wannan ƙari a kan tasa, kai kana murna an daraja motarka, alhali ciko bai ragu da ko sisi ba. Maganin wannan shi ne a raba cinikin biyu. A fara tambayar kuɗin motar da ake so kamar mai biya lakadan, ba tare da an ambaci musaya ba. A kai tsohuwar wurare biyu ko uku a ji abin da za a taya. Bayan an san farashin kowacce ne za a zauna maganar ciko. A kuma tuna cewa musaya ba ita kaɗai ce hanya ba. Mutum yana iya barin motarsa a hannun dillali a sayar masa ya biya la'ada, ko ya nemi mai saye da kansa, kuma yawanci waɗannan sun fi kawo kuɗi. Abin da musaya take saya wa mutum shi ne sauri da hutu daga zirga-zirgar masu tayi. Mai iya haƙurin 'yan makonni ba mota bai kamata ya biya kuɗin saurin da ba ya bukata ba.

Rabin haɗarin musaya yana ga motar da za a karɓo. Wani rahoto na Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ya fito a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu wajen miliyan 14, kashi 40 cikin 100 kuma Afirka suka nufo, da yawansu ba masu inganci ba ne. A cikin irin waɗannan akwai waɗanda ambaliya ta shanye, da waɗanda kamfanonin inshora suka yanke wa ƙauna bayan haɗari, aka gyara musu fuska aka loda su a jirgi. Saboda haka kada a yi cinikin biri a sama. A je da bakaniken da aka amince da shi, ba wanda dila ya kira ba. A tayar da inji da safe tun yana da sanyi, a ɗaga dardumar ƙasa a duba laka da tsatsa, a hau titi da ita har ta yi zafi. A bincika lambar shasi mai harufa da alƙaluma 17, a ga ta dace da ta takardu, a kuma tabbatar da takardun kwastan. Ita ma tsohuwar da aka bayar, lalle ne a rubuta takardar sauya mallaka, domin motar da take yawo da sunanka a hannun wanda ba ka sani ba tana iya jawo maka 'yan sanda har gida. Wanda ya yi sakaci da waɗannan, shi ne Hausawa suke cewa tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Kamar yadda ba mu so a cuce mu, mu ma kada mu cuci wani. An san masu zuba baƙin mai mai kauri don ɓoye ƙarar inji, da masu mayar da agogon kilomita baya, da masu cire ɗan fitilar gargaɗi don kada ya kama. Littattafan fiƙihun da aka karantar da yawancinmu a zaure, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid, sun hana algus da ɓoye aibi a ciniki, sun kuma ba mai saye damar mayar da kaya in ya gano aibin da aka ɓoye masa. Wanda ya yaudari dila yana ganin ya ci banza, ya manta cewa motar ba a filin dila za ta tsufa ba. Wani ƙaramin ma'aikaci kamarsa ne zai zo da tarin shekarunsa ya saya, wataƙila ma wanda suka zauna aji ɗaya.

Abin da ya sa muka ɗauki wannan magana da nauyi shi ne ta wuce batun ƙarfe da taya. Mai digiri yana shiga aikin Gwamnati ne a mataki na 8, kuma kowa ya san abin da albashin wannan mataki yake iya ɗauka. In irin wannan matashi ya ci bashi mai ruwa don cikon motar da ba ya bukata, rabin albashinsa ya riƙa tafiya kafin ya gan shi, to, ya tsaga bango da hannunsa, kuma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Fayil ɗin da yake ɓacewa sai an ba da na goro, da kwangilar da ake ƙara wa sifiri, sau da yawa asalinsu wani bashi ne da aka ci don a burge mutanen da ba su ma lura ba. Mu da muke ɗaga murya a harabar jami'a muna la'antar cin hanci, ya kamata mu san ta ƙofar da yake shigowa gidan mutum.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu ɗalibai da waɗanda suka riga mu kama aiki, kowa ya riƙe motarsa muddin littafi ya nuna riƙonta ya fi araha kuma ba ta barazana ga rai, ya rabu da ita tun tana tafiya da zarar manyan cututtuka sun haɗu, ya kuma biya ciko daga abin da ya tara. In abokin ofis ya tambaye shi har yanzu wannan tsohuwar ce, ya amsa masa da fara'a cewa ita ce, kuma ba mai binsa bashi a kanta. Allah ya ba mu abin hawa mai albarka, ya kuma tsare mu da wanda zai hau mu.